Tutar da Na Sauke a Tudun Iska

Zuwa ga Yayata Quyen,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarki Diep. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau, ke da mijinki Yaya Vinh da 'yar ƙaramarmu Bich, da fatan sanyin Koriya bai sake tayar miki da ciwon ƙirjin nan ba. Kowace safiya idan na kunna turare a gaban hoton Inna da Baba, sunanki nake fara ambata, ina roƙon su tsare ki a ƙasar mutane, su ba hannuwanki ƙarfi, su dawo mana da ke wata rana da ƙafafunki.

Mutanen gida suna nan yadda kika san su. Gwiwar Goggo Lanh ta kumbura tun shigowar sanyi, amma ba ta fasa zuwa kasuwar kifi ba, wai idan ta zauna a gida wa zai gaya wa mutane laifinsu. An gyara rufin ɗakin Inna, ya daina yoyo. Surukata ta fara tara ganyen naɗe wainar Tet, bikin sabuwar shekara, ta ce bana ba za a yi da yawa ba. Yayyafi bai ɗauke ba kwana goma sha ɗaya ke nan, bango yana gumi, wanki ba ya bushewa, teku da sama sun zama launi ɗaya.

Na ga saƙonki game da gurbin da kika samo mini a masana'antarku, na kuma san ba da sauƙi kika same shi ba. Kin ce in zo ko na shekara biyu ne, in huta da jinya, in ga wata duniya, tunda surukata tana nan kuma mijina Khiem ya fara tsayuwa da sanduna. Sau uku kika tambaye ni a waya, sau uku na ce ina tunani. Yaya, ba tunani nake yi ba. Akwai maganar da ba zan iya faɗa miki ina kallon fuskarki a waya ba, kuma kullum Khiem yana kusa, yana ɗaga miki hannu. Shi ya sa na sayi takarda. Yanzu da rana ne, yana shago, ina jin ƙarar guduma daga nan.

Saura kwana tara a cika shekara da ranar. Har yanzu ina iya gaya miki kalar safar da na sa, da ƙamshin cittar da ke hannuna. Kin san abin da kowa ya sani: Khiem ya faɗi a gangaren Tudun Iska ranar Zagayen Sanyi, ya yi karo da awakin Baba Luc, ƙugunsa ya karye, ƙafar dama ba za ta sake lanƙwasuwa ba. Abin da ya faru kafin nan ne ba ki sani ba.

Lokacin da kika tafi, zagayen nan bai wuce wasan Khiem da abokansa su goma sha biyu ba, masu fita a watan ƙarshe na shekara su kewaye tsibiri a kan keke don su nuna wa juna sanyi bai kashe su ba. Yanzu jirgin fito na safe cike yake zuwa daga birnin Hai Phong, mutum ɗari uku ko fiye, da matsattsun riguna masu kala kamar kifin murjani, har da tsofaffi da mata. Suna hawa tudu bakwai, suna zagin kowanne da sunansa, su dawo bakin jirgi hanci na yoyo, su sha miyar kifi mai zafi, su rantse ba za su ƙara ba, shekara ta kewayo su dawo. Khiem ne mai tsintsiya. Yakan ɗaura tsintsiyar kwakwa a bayan kekensa, tsaye kamar wutsiyar zakara, ya bi bayan kowa. Ba ya wuce kowa, komai jinkirin mutum. Wanda tayarsa ta fashe ya yi masa faci, wanda zuciyarsa ta karaya ya yi masa surutu har ya kai saman tudu. Duk wanda ya ga tsintsiya ta wuce ya san babu sauran kowa a hanya.

Tutar kuma shi da Baba Luc suka ƙirƙiro ta. Kin tuna gidan Baba Luc, can ƙasan Tudun Iska, inda hanya ta lanƙwasa sau biyu a jere, inda waya ba ta kamawa. Awakinsa sukan tsallaka titi su hau dutse kiwo. Sai aka kafa doguwar gora a bayan rumfar shayi ta saman tudu, ta ɓangaren kwari, aka ɗaura mata jan ƙyalle. Muddin ƙyallen yana sama, awaki suna garke. Idan tsintsiya ta wuce, mai shayi ta sauke, Baba Luc ya buɗe ƙofa. Shekara shida ana haka ko akuya ɗaya ba a taka ba. Tun da muka yi aure ni ce mai shayin. Aikina ke nan duka: in dafa shayin citta, in gasa dankali, in kalli hanya.

Da safen ranar mun yi 'yar rigima, irin wadda ko faɗa ba za a kira ta ba. Na saƙa masa abin wuya, wata biyu ina yi a ɓoye, na miƙa masa yana ɗaura tsintsiya. A raina na riga na tsara yadda abin zai kasance, don na karanta irinsa ba sau ɗaya ba: zai tsaya cak, ya dube ni, ya rasa abin faɗa. Shi kuwa ya juya shi sau ɗaya, ya ce wai Gimbiya, wannan ai da tsayinsa zai shiga sarƙar keke ya shaƙe shi kafin tudu na biyu, in ajiye masa sai Tet. Ya rataye a ƙusa, ya ja mini kunne, ya fita yana fito. Gimbiya yake kirana tun muna zance, saboda littattafan. Wani lokaci Gimbiyar shafi na arba'in, wai a nan ne kullum ake fara kuka. Ranar ban yi dariya ba. Na hau tudu da tukunyata da gawayina da fushina, na kuma sa sabon littafi a aljihun riga.

Ayarin farko ya iso da ƙarfe tara, sai na tsakiya, sai masu turo keke da hannu suna haki. Na ba kowa shayi. Wajen sha ɗaya da rabi hanya ta yi shiru. Hazo yana tasowa daga teku, ya rufe tudu, ya buɗe, ya sake rufewa. Na zauna kusa da murhu na ce bari in duba shafi ɗaya. Labarin wata ce da mijinta ya daina ganinta ko da tana gabansa, kuma Yaya, kin san ni, kafin shafi goma na zama ita. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Ƙarar taya a kan jiƙaƙƙen titi ce ta sa na ɗaga kai, sai na ga bayan keke yana shiga hazo ta gangare, da wani abu tsaye a bayansa mai tsinke-tsinke. Na ce tsintsiya ce. Na ce Khiem ya wuce ni ko kallo babu.

Da hankalina yana jikina da na san ba shi ba ne. Khiem bai taɓa wuce rumfata ba, ko don dankali. Kuma mai tsintsiya ba ya tafiya shi kaɗai, dole akwai wani a gabansa. Amma na fi son labarin da ke kaina, wanda a cikinsa ni ce wadda aka wulaƙanta a kan tudu cikin sanyi. Na tashi hawaye na zuba, na zagaya bayan rumfa, na kwance igiya na sauke ƙyallen. Daga baya na gane abin da na gani. Wani ne daga ƙauyen gabas ya sayo reshen furen Tet, wanda bai buɗe ba tukuna, ya ɗaure shi tsaye a kariyar kekensa zai kai gida. A watan nan rabin kekunan tsibiri haka suke. Ni da aka haifa a nan na fi kowa sani.

Na fara kwashe kofuna ke nan, kamar minti ashirin bayan haka, sai na ji muryar Khiem daga ɗaya gefen, yana waƙa da muryar nan tasa mara daɗi. Ya ɓullo yana tura bayan Malam Toai da hannu ɗaya, tsohon malamin lissafi da ke zuwa daga birni kowace shekara ya zo na ƙarshe. Tsintsiya tana bayansa, jiƙe sharkaf. Ga tuta a ƙasa. Kafin su jingine kekuna na zagaya baya da gudu na ja igiya, ƙyallen ya koma sama. Na duba kwari, fari fat, ba a ganin komai. Na ce wa kaina ai hazo ne, Baba Luc bai gani ba.

Wannan ne wurin da nake so ki karanta a hankali, don sauke tuta kuskure ne, amma abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne. Khiem ya zauna a bencina minti goma cur. Ya sha shayi kofi biyu. Ya ɓare dankali ya ba ni rabi, ya ce wai har yanzu Gimbiya tana fushi da talakanta, to ya tuba, gobe zai naɗa abin wuyan har ido ya zagaya kasuwa kowa ya gani. Ya ga littafin a kan buhun gawayi ya ɗaga, ya tambaya ko an kai wurin kuka. Kalma biyar kawai ake buƙata, in ce masa na sauke tuta bisa kuskure, ya sauka a hankali. Suna bakina. Amma na san zai dubi littafin ya dube ni, kuma Malam Toai yana zaune, kuma kafin yamma duk bakin jirgi za a ji cewa matar mai tsintsiya ta ɗauki reshen fure a matsayin mijinta. Kunyar dariya ce ta rufe mini baki, Yaya. Ba wani abu mai girma ba.

Malam Toai ya ce shi kam ƙafafunsa sun yi ritaya, a turo masa akori-kura. Khiem ya kira mota, ya ce to bari ya yi sauri ya kamo wutsiyar ayari, kada wani ya lalace a hanya babu kowa bayansa. Ya ɗaga ido ya dubi gora, ya ga ja a sama, ya hau. Ya saki birki kamar yadda mutum ke yi a hanyar da ya yarda da ita. Ban ji faɗuwar ba. Kukan awaki na ji, da yawa, lokaci ɗaya. Malam Toai ya dakata da hura shayinsa ya ce, awaki kuma, a wannan lokaci?

Sauran kin sani, asibiti a birni, ƙarfe a ƙugu, wata huɗu a kwance. Abin da ba a gaya miki dalla-dalla ba shi ne yadda aka yi da Baba Luc. Shi ya ɗauko Khiem daga kwalbati, shi ya cire rigarsa ya rufe shi. Da mutane suka taru ya ce hazo ya buɗe, ya ga gora babu ƙyalle, ya jira kaɗan ya buɗe garke. Malam Toai, mutumin kirki wanda bai san ƙarya ba, ya ce shi da idonsa ya ga tuta a sama, ya zauna a ƙarƙashinta. Direban akori-kura ma ya ce a sama ya same ta. Khiem da ya farfaɗo ya ce a sama take. Ba wanda ya tambaye ni. Wa zai tambayi matar da ke durƙushe a titi tana kuka da jinin mijinta a riga? Baba Luc ya dube ni sau ɗaya, ta tsakanin kafaɗun mutane. Na sunkuyar da kai. Daga ranar bai sake cewa tuta ta sauka ba.

Aka ce giyar shinkafa ce, alhali kofi ɗaya yake sha da yamma tun muna yara. Aka ce ido ne, aka ce tsufa ne. A kasuwa idan wani ya yi mantuwa sai a ce masa ko kai ma ka ga tuta ta sauka. Masu gidajen abinci da ke sayen awakinsa sun koma wajen wani, wai ba sa son naman da ya karya mai tsintsiya. Kowane farkon wata yakan sauko da kwalbar zuma da ƙunshin ganyen gasa ƙafa ya ajiye a ƙofarmu, ba ya ƙwanƙwasawa. Khiem yakan ce a mayar. Kin san Baba Luc ne ya riƙe wa Khiem sirdi ranar da ya fara koyon keke, bayan rasuwar mahaifinsa. Khiem ya ce da tsohon ya zo ya ce na yi kuskure, da tuni ya wuce, ai ƙafa ce kawai. Abin da ba zai yafe ba shi ne a ɗora wa matarsa, don cewa tuta ta sauka daidai yake da cewa Diep ce. Yana faɗar haka yana riƙe da hannuna. Ni nake kai zumar bayan gida in ɓoye, kwalba goma sha ɗaya yanzu, a jere a bayan tulun da muke jiƙa kifi da gishiri.

Da Khiem ya zama mai faɗa ko mai zagi, da na sami inda zan raɓe. Bai zama ba. Ya sa an yanke ƙafafun kujera, yana zama ƙasa-ƙasa a shago yana gyaran kekunan mutane, ƙafar a miƙe a kan akwati. Yana yi wa masu kawo gyara ba'a kamar da, ya ce wa wannan sarƙarka ta fi bakin surukarka bushewa, ya ce wa wancan kekenka ne ya kamata ya hau ka. Sai idan keke ya gyaru, ya juya feda da hannu, taya tana ta juyawa a iska, a nan ne yake yin shiru yana kallonta har ta tsaya da kanta. Nasa keken yana rataye a bango, ya miƙe ƙarfen, ya sa sabuwar taya, yana shafa masa mai duk mako. Abin wuyan kuwa bai rabu da shi ba tun da aka sallamo shi. Ya ce yanzu babu sarƙar da zai shiga.

Ban sake buɗe littafi ba. Lokacin da yake kwance ya ce in kawo masa su, ya karance akwatin nan nawa kaf, yana kirana daga ɗaki wai Gimbiya zo ki ji, wannan ma ya tafi jirgin ruwa bai bar wasiƙa ba, su mazan littafi ba su da baki ne? Da ya lura na daina, sai ya ɗauka jinya ce ta hana ni. Ya aika a sayo mini sababbi uku daga birni. Suna nan a ledarsu. A cikin littattafan nan, Yaya, mai ɓoye sirri takan yi rashin lafiya, ko a tsinci wata takarda, ko wani ya faɗa a bakin mutuwa, gaskiya ta fito da kanta, a yi kuka, a rungume juna, saura shafi biyu. Shekara guda ina jiran abin ya fito da kansa. Babu takardar da za a tsinta. Mu biyu ne muka sani, ni da Baba Luc, kuma shi ya rufe bakinsa saboda ni.

Ranar Laraba na gamu da Baba Luc a bakin jirgi. Na je karɓo kayan gyara da aka aiko wa Khiem, shi kuma yana zaune a kan dutsen ɗaure igiya da hularsa a gwiwa, ya rako ɗansa da ya zo daga birni. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na so in bi ta bayan masu sayar da ƙaguwa, amma ya riga ya gan ni. Ya ce 'yata, yaya ƙafar mijinki da wannan sanyi, a riƙa gasa masa da ganyen nan, kada a bari ta sandare. Na ce to, Baba. Sai ya ce bayan Tet zai koma birni wurin ɗansa. Ɗan ya ce idon da ke ganin tuta a ƙasa alhali tana sama bai kamata a bar shi shi kaɗai a gindin dutse ba, yau awaki ne, gobe gobara ce. An riga an yi maganar sauran awakin, gidan kuma za a rufe. Ya yi 'yar dariya ya ce ɗakin da aka ware masa yana hawa na tara, taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabta, ko akuya aka sa a ciki sai ta yi ƙara. Kabarin matarsa yana bayan garken, kin sani.

Na tsaya da kwali a hannu. Na ce Baba, ranar nan. Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya ce ranar nan hazo ya yi yawa, shi kansa yanzu wani lokaci yakan zauna ya ce anya ya gani kuwa. Ya ce in tafi gida kada kayan su jiƙe. Wannan ce maganar da ta hana ni cin abinci kwana biyu. Da ya ce ya rufa mini asiri, da na gode masa na ci gaba da zama da abina. Amma mutumin ya fara yarda da abin da ake faɗa a kansa. Na karɓe masa suna, na karɓe masa Khiem, yanzu ina karɓe masa idonsa, yana zaune yana tambayata lafiyar ƙafa.

Jiya kuma shugabannin zagaye suka zo gida, su huɗu, da lemo da kwalin shayi. Sun ce bana za a yi zagayen da sunan Khiem. Za a kai shi saman Tudun Iska a mota, ya zauna a rumfa kowa ya gaishe shi, sabon mai tsintsiya ya karɓi tsintsiyar daga hannunsa. Sun ce tuta kuwa ba za a ba kowa ba sai ni, wai hannun da bai taɓa kuskure ba. Za su sa mutum biyu a ƙofar garken Baba Luc da kwaɗo, har a gama. Khiem ya yi murna irin wadda ban gani a fuskarsa ba tun bara. Ya ce Gimbiya za ta riƙe tuta, shi zai riƙe dankali. Surukata ta share hawaye. Na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya har ruwan ya ƙone.

To kin ga inda gurbinki ya same ni. Ba zan ɓoye miki ba, na so shi ƙwarai. Na kwanta da rana na rufe ido na ga kaina a jirgin sama, na ga dusar ƙanƙara da kike turo mana hotonta, na ga ɗakin da ba wanda ya san Tudun Iska a cikinsa. Har na tsara yadda zan rubuto wa Khiem daga can, doguwar wasiƙa mai kyau, ya karanta ba na nan, ya yi fushinsa ya gama kafin in dawo. Sai na gane wannan ma labari ne nake tsara wa kaina, irin na ranar abin wuya. Kafin wasiƙar ta iso an rufe gidan Baba Luc.

Ban san abin da Khiem zai yi ba. Na yi shekara uku da shi, na san yadda yake son shayinsa, na san tarinsa daga nesa, amma wannan ban sani ba. Wataƙila ya yafe sauke tutar. Minti goman nan da ya zauna a bencina yana ba ni rabin dankali, su ne ban san ko mutum yana yafewa ba. Surukata ba za ta sake kallona kamar da ba, wannan na tabbata. Mutanen kasuwa za su sami sabuwar ba'a, kuma ta fi ta da daɗi. Idan ya ce in tafi, zan koma ɗakin Inna, tunda an gyara rufin. Ba na gaya miki don ki ba ni shawara ba, kafin takardar nan ta iso hannunki an riga an yi. Ina gaya miki ne don kada ki ji a bakin Goggo Lanh, kuma don ke kika goya ni, kin san ba mugunta ce da ni ba, ko da yake na ga yanzu ba sai da mugunta ake rusa mutum ba.

Ki gaishe mini da Yaya Vinh, ki ce na gode da wahalar da ya sha kan takardun, ya yafe mini. Ki sumbaci Bich, ki ce Goggonta tana ajiye mata jan ambulan ɗin kuɗin Tet har ta zo. Ki gai da Yaya Nhan maƙwabciyarki da ta kula da ke lokacin ciwo. Goggo Lanh tana gaishe ki, ta ce man shafawar da kika aiko ya ƙare. Surukata tana gaisuwa. Khiem ma da na ce zan rubuto miki ya ce in gaya miki ki daina zawarcin matarsa zuwa Koriya.

Ki ba wata gurbin, Yaya, ba zan zo ba. Idan na kai wannan takarda gidan waya, zan biya bayan gida in kwaso kwalaben zumar nan goma sha ɗaya in jera su a kan teburin shago, in rufe ƙofa, in gaya wa Khiem ni na sauke tutar. Gobe da safe zan hau zuwa gidan Baba Luc in gaya masa idonsa lafiya lau yake.

Ƙanwarki,
Diep